Ma'anonin Kalmar "Aboki" da Danginta a Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalmar "aboki" tana daga cikin kalmomin Hausa ƙalilan da kusan kowane ɗan Nijeriya ya sani, ko da kuwa bai taɓa ƙetare kogin Kwara ba. Wannan sanin da aka yi mata shi ya sa ba a cika tsayawa a bincike ta ba, domin kowa yana ganin ma'anarta a fili take. Ƙamusoshin Hausa da Ingilishi, tun daga na Bargery (1934) da na Abraham (1949), sun gabatar da ita ta fuskar kalmar Ingilishi da ta fi kusa da ita, ɗalibai kuma suka riƙe ma'anar farko suka saki sauran. Sai dai mai koyar da Hausa ga waɗanda ba Hausawa ba yakan gamu da cikas ranar da darasi ya kai ga "abokin gaba". Ɗalibi zai tambaya, kuma yana da hujja: ta yaya mutumin da ake gaba da shi zai zama aboki?

Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ginshiƙin ma'anar aboki shi ne tarayya, wato kasancewar mutum ɗayan biyu a cikin wani al'amari da ba ya yiwuwa sai da su biyun. So da yarda suna iya biyo baya, amma Bahaushe ya tanadar musu kalmominsu na daban. Idan aka fahimci haka, za a ga inda sauran ma'anonin suka tsiro, a kuma ga abin da kalmar ta rasa da ta shiga bakin waɗanda suka are ta.

2.0 Ƙirar Kalmar

Aboki suna ne, tilo, jinsin namiji, mai karin sauti ƙasa-sama-sama. Tamatarsa ita ce abokiya, jam'i kuwa abokai, mai karin sauti ƙasa-ƙasa-sama. Ana kuma jin abokanai, a wasu kare-karen yamma har da abokkai. Ɓoyayyun sunayen da aka samar daga gare ta su ne abota, da abuta, da abokantaka.

Abin lura a nan shi ne ɓacewar baƙin /k/ a abota da abuta, da kuma a abuya, wadda matan wasu yankuna suke amfani da ita a gurbin ƙawa. Wannan yana sa a yi zaton cewa gaɓar ƙarshe ta aboki tsohon ɗafi ne da ya manne wa saiwa, abokantaka kuma ƙira ce ta baya-baya da aka gina a kan cikakkiyar kalmar, kamar yadda aka gina jaruntaka a kan jarumi. Ta fuskar amfani akwai ɗan bambanci tsakaninsu. Abota ake ƙullawa, ita ce kuma take lalacewa, amma abokantaka ta fi nuni ga yanayin zaman da halayensa. Haka kuma babu wani aikatau da ya shahara daga wannan saiwa. Sai dai a ce an yi abota ko an ƙulla abota, alhali kuwa dangin amini suna da amince da aminta.

3.0 Tarayya a Matsayin Ginshiƙin Ma'ana

Hanya mafi sauƙi ta gane ma'anar kalma ita ce a duba abin da take yarda ta zauna da shi. Aboki tana ɗaukar mahaɗin -n, abokiya kuma -r, sannan wani suna ya biyo baya ya fayyace abin da aka yi tarayya a kai:

(1) abokin tafiya, abokin aiki, abokin karatu, abokin hira, abokin shawara
(2) abokin ciniki, abokin hulɗa, abokin burmi
(3) abokin gaba, abokin hamayya, abokin adawa, abokin karawa, abokin shari'a

Rukuni na (1) ba ya ba kowa mamaki, domin tafiya da hira abubuwa ne da akan yi da wanda ake jituwa da shi. Amma ko a nan ma jituwar ba sharaɗi ba ce. Mutumin da aka haɗu da shi a tashar mota, aka zauna kujera ɗaya daga Kano zuwa Legas, abokin tafiya ne ko da ba a san sunansa ba, da an sauka kuma shi ke nan. A rukuni na (2) kowane ɓangare jan nasa yake yi. Mai saye yana son ragi, mai sayarwa yana son ƙari, duk da haka kowannensu yana kiran ɗayan abokin cinikinsa, domin ciniki ba ya faɗawa da mutum ɗaya. Burmi kuwa asalinsa kifa ƙwarya a kan 'yar'uwarta ne, don haka abokin burmi shi ne abin da ya dace da wani har suka zama biyu masu cika juna.

Rukuni na (3) shi ne zakaran gwajin dafi. Da so ne ginshiƙin ma'anar aboki, da "abokin gaba" ya zama tufka da warwara, ko kuwa a ɗauke shi a matsayin gatse. Amma babu Bahaushen da yake jin gatse a cikinsa. Magana ce miƙaƙƙiya da ake ji a labaran rediyo da littattafan tarihi. Dalili shi ne gaba ma aiki ce ta mutum biyu, kamar dambe da kokawa da shari'a. Ɗan damben da ya shiga fage bai sami abokin karawa ba, kirari kawai zai yi ya fita.

Ana iya tabbatar da wannan ta hanyar kwatanta aboki da wasu kalmomi biyu masu ƙirar ma-, wato masoyi da maƙiyi. Mutum yana iya samun masoyin da bai taɓa gani ba, kamar yadda malamai da mawaƙa suke da masoya a garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Yana kuma iya samun maƙiyin da yake yi masa dariya kullum, shi bai sani ba. So da ƙi suna iya fitowa daga ɓangare ɗaya. Abota ba ta yarda da haka ba, a alheri ko a sharri. Idan Audu abokin gabar Tanko ne, to Tanko ma abokin gabar Audu ne, kuma kowannensu ya san da zaman ɗayan. Saboda haka kuskure ne a jera maƙiyi da abokin gaba a matsayin kalmomi masu ma'ana ɗaya, kamar yadda ake yawan yi a darussan makarantun sakandare.

Wata hujjar tana cikin harshen malamai. Idan ana karantar da tauhidi akan ce Allah ba shi da abokin tarayya. Abin da ake korewa a nan shi ne na biyu, wato wanda zai yi tarayya a mulki ko a cancantar bauta. Da kalmar tana ɗauke da ma'anar ƙauna a cikin jininta, da malamai ba su zaɓe ta a wannan muhalli mai buƙatar taka-tsantsan ba.

Karin magana ma ta bi wannan hanya. Bahaushe yana cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa, da abokin daka akan sha gari. A duka ukun an ambaci aikin da ya haɗa mutanen, daga aikin ne kuma haƙƙin ya taso. Inda aka ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, ko abokin sarki sarki ne, ko abokin damo guza, sai wani ɓangaren ma'anar ya fito, wato daidaito: waɗanda suka yi tarayya ana ɗaukar su tsara ne, ko kuwa tarayyar ta mayar da su tsara. Shi ya sa yaro ba ya kiran sa'an mahaifinsa abokinsa, barori kuma ba sa kiran ubangidansu haka komai daɗewar zama.

Wannan tsari ba Hausa kaɗai ke da shi ba, amma harsuna sun bambanta wajen rabon aikin. Kalmar Larabci ta "sahib" tana da irin wannan faɗi, har ana amfani da jam'inta a kira mutanen da wuri ɗaya ya haɗa, kamar As'habul Kahfi. Yarbanci kuwa ya raba aikin gida-gida: ọ̀rẹ́ ga wanda ake so, ƙirar alábàá- ga wanda ake tarayya da shi, kamar alábàárìn ga abokin tafiya, oníbàárà ga abokin ciniki, ọ̀tá kuma ga abokin gaba. Ɗalibi Bayarabe da ya ɗora aboki a kan ọ̀rẹ́ kaɗai, dole ne rukuni na (3) ya ɗaure masa kai.

4.0 Abokiya da Ƙawa

Littattafan nahawu suna ba da abokiya a matsayin tamatar aboki, kuma ta fuskar ƙira haka ne. Ta fuskar amfani kuwa ba su yi daidai wa daida ba. Mace ba ta cika cewa "abokiyata" ba idan tana nufin 'yar'uwarta mace da suke shiri. "Ƙawata" take cewa, jam'i ƙawaye, zaman kuma ƙawance. A al'adar gargajiya ƙawance alaƙa ce mai ƙa'idoji, da musayar kyauta da biki da ramuwa. Littafin Baba of Karo na Mary Smith (1954), wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar wata Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, ya nuna yadda mata suke ƙulla shi tun suna 'yan mata, da yadda ya bambanta da alaƙar yaya da ƙanwar rana, inda ɗaya take gaba da ɗaya. A wajen aure rabon ya fito sarai: abokan ango a gefe ɗaya, ƙawayen amarya a ɗaya gefen, su ne kuma suke ja-in-ja a kan kuɗin sayen baki.

To ina abokiya ta tsaya? Ta tsaya ne a harɗaɗɗun sunaye, wato daidai inda ma'anar tarayya ta fi ƙarfi: abokiyar aiki, abokiyar karatu, abokiyar ciniki. Mafi ban sha'awa a cikinsu ita ce abokiyar zama. Wannan sakayawa ce da mata suke yi don kauce wa kalmar kishiya, wadda kishi ya fito ƙarara a cikinta. Macen da ta ce "abokiyar zamana" ba ta yi iƙirarin ƙauna ba, ba ta kuma ambaci kishi ba. Abin da ta faɗa gaskiya ne tsantsa, wato gida ɗaya da miji ɗaya sun haɗa su. Kalmar ta yi wannan aiki ne saboda ba ta ɗauke da so ko ƙi. Ba a ce "ƙawar zama" ba, ba kuma za a ce ba. A 'yan shekarun nan ana jin maza ma suna kiran matansu abokiyar zama ko abokiyar rayuwa, musamman a rubuce-rubuce da shirye-shiryen rediyo, ta yadda sai an san jinsin mai magana kafin a san wadda ake nufi.

Namiji kuwa idan ya ce wance abokiyarsa ce, ba tare da ya faɗi abokiyar mene ne ba, masu sauraro sukan ɗaga gira. Dangantakar neman aure tana da kalmominta, saurayi da budurwa, bazawari da bazawara, kuma aboki ba ta shiga wannan fage.

5.0 Amini, Masoyi da Sahibi

Inda ake son nuna zurfin alaƙa, Hausa takan koma ga amini, aminiya, aminai. Kalmar aro ce daga Larabci, saiwarta ɗaya da amana da imani da mumini. Amini shi ne wanda ake ba ajiyar sirri da dukiya da iyali. Kowane amini aboki ne, amma a cikin abokai goma da ƙyar a sami amini ɗaya. Gwajin harɗantawa yana nuna bambancin nan take, domin babu "aminin gaba", babu "aminin ciniki". Ma'anar amini cikakkiya ce a kan kanta, ba ta jiran wani suna ya zo ya cika ta.

Sahibi da sahiba sun shigo daga "sahib" ɗin da aka ambata a baya, amma a Hausa sun ƙuntata, sun koma harshen waƙa da wasiƙun soyayya. Jam'in sahabbai kuwa an fi amfani da shi ga Sahabban Annabi (SAW). Zumu da zumunci sun fi karkata ga dangantakar jini da abin da ya yi kama da ita.

6.0 Abokin Wasa

Abokin wasa ya cancanci a keɓe masa wuri, domin a nan ne ake samun abotar da mutum bai zaɓa ba. Gadonta ake yi. A cikin dangi akwai taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, akwai jika da kaka, akwai mace da ƙannen mijinta. Tsakanin al'ummu akwai Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa. Bakano da Bazazzagin da ba su taɓa ganin juna ba, da zarar kowa ya faɗi garinsu sun zama abokan wasa, ɗaya zai kira ɗaya bawansa, kuma al'ada ta hana a yi fushi. A watan Muharram, wanda ake kira watan cika-ciki, taubasai sukan bi juna karɓar kuɗin shara. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada, kamar yadda ake gudanar da ita a Jamhuriyar Nijar, cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam.

Abin da ya shafi wannan nazari shi ne ƙa'idar da ke riƙe da wasan, wato ramuwa. Zolayar da Bafulatani ya yi wa Babarbare halal ce saboda Babarbare yana da ikon mayarwa da wadda ta fi ta zafi. Duk ranar da ɓangare ɗaya ya rasa wannan iko, abin ya tashi daga wasa ya koma cin mutunci.

7.0 Kalmar a Kudancin Nijeriya

Hausawa sun daɗe suna fatauci zuwa kudu, amma isar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙara yawan masu zuwa da masu zama. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan a 1916, kuma Abner Cohen (1969) ya yi bayanin yadda cinikin shanu da goro ya riƙe ta. Irin waɗannan zango-zango sun bunƙasa a Shagamu da Agege da sauran garuruwa. A kasuwa Bahaushe yana da hanyoyin kiran namijin da bai san sunansa ba: malam, ko ɗan'uwa, ko bawan Allah, ko abokina idan tsaransa ne. Ga wanda ba a haɗa addini ko harshe da shi ba, "abokina" ita ce ta fi sauƙi, kuma ta dace da ma'anar kalmar, tun da ciniki ya haɗa su. Bisa dukkan alamu daga nan ne mutanen gari suka tsince ta, suka riƙa mayar wa mai ita.

Sai dai kalmar da ta shiga Ingilishin Nijeriya da Burokin ta sauya ta fuskoki da dama. Da farko ta yar da mahaɗinta. A Hausa idan aka ce "Wane aboki ne", jimlar tana neman ciko, mai sauraro zai tambaya, abokin wa? A bakin masu aro kuwa "aboki" tana tsayawa ita kaɗai, kamar yadda ake cewa tela ko direba. Ta tashi daga sunan alaƙa ta koma sunan wani rukunin mutane. Na biyu, ta yar da jam'inta na Hausa ta ɗauki na Ingilishi, kuma abokiya ba ta bi ta ba. Na uku, wanda shi ne mafi nauyi, ta daina aiki ta ɓangare biyu. Mazaunin Legas yana kiran mai gadi ko mai wankin takalmi ko ɗan acaɓa "aboki", amma ba ya ɗaukar kansa abokin wanda ya kira, zai ma yi mamaki idan aka kira shi da sunan.

Rukunin da ake nufi ma ba na masu jin Hausa kaɗai ba ne. Babarbare da Bazabarme da Buzu da ɗan Chadi duk suna shiga ciki, muddin shigarsu da sana'arsu sun yi kama da abin da ake tsammani. Likita ko alƙali ɗan arewa ba a cika kiransa haka a gabansa ba, abin da ke nuna cewa kalmar ta ɗauki nauyin matsayi a kan na ƙabila. Daga nan ne ta gangara ta zama zagi a wasu bakuna, har mutanen kudu suna jifan junansu da ita da nufin wauta ko rashin wayewa. Kalmar malam ma ta bi irin wannan hanya, ta zama mọ́là a Yarbanci, ta bar ma'anarta ta mai ilimi a baya.

Ba duk amfanin da ake yi da ita ne na raini ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Akwai mai kiran mai shayin unguwarsu "aboki" shekara ashirin suna zaman lafiya. Shafin intanet na abokiFX, wanda ya yi suna wajen wallafa farashin canjin kuɗi na bayan fage kafin saɓaninsa da Babban Bankin Nijeriya a 2021, ya samo sunansa ne daga 'yan canji Hausawa, kuma babu wanda zai raɗa wa kasuwancinsa sunan da yake ganin zagi ne. Mawaƙi Ice Prince, haifaffen arewa, ya fitar da waƙa mai suna Aboki a 2012 inda ya mayar da kalmar abin tinƙaho. Wasu kuma suna kare amfani da ita da cewa ai wasa ne irin na Gobirawa da Yarbawa. Wannan hujja tana da rauni idan aka auna ta da ƙa'idar da aka bayyana a sashe na 6.0. Bagobiri da Bayarabe suna musayar zolaya a matsayin tsara. Mai gadin da albashinsa yake hannun wanda ya kira shi ba shi da bakin ramawa.

Wannan yana da tasiri a kan aikin masu tsara ƙamus da littattafan koyar da Hausa a makarantun kudu, inda tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya buɗe ƙofar koyon ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ga wanda ba harshensa ba ne. Ɗalibin da ya zo aji ya riga ya san "aboki", amma wadda ya sani ita ce ta titi. Idan littafi ya ba shi fassarar kalma ɗaya tak, zai ɗora ta a kan abin da ya sani ya wuce. Zai fi amfani a fara gabatar masa da kalmar a cikin harɗaɗɗun siffofinta, abokin tafiya da abokin ciniki da abokin gaba a shafi ɗaya, sannan a kawo amini da ƙawa a gefe don ya ga iyakar kowacce. Ƙamus na harsunan Nijeriya kuma ya kamata ya ba kalmar gurbi biyu, ɗaya na Hausa, ɗaya na ararriyar da ke yawo a Burokin, tare da alamar da ke nuna cewa ta biyun tana iya ɓata wa wanda aka kira rai.